Adaka Mai Matashin Kai

Ranar da uwargidan Ilyasu Mai Jirgi ta iso Tanut, ni na fara hango kamyonsu, wato babbar motar da ta kawo su, don ina ƙofar gida ina shanya cuku. Ko sadakar arba'in ɗinsa ba a yi ba. Hajjo, yayar maigidana, tana ɗaka tana takaba, ni kuma na bar nawa gidan na tare wurinta ina taya ta zama.

Bari in gaya muku wane ne Ilyasu tukuna, don yaran yanzu in ka ce musu Ba'amirke ya yi aure a nan ƙasar Damargu sai su ce tsufa ya fara taɓa ka. Sunan da uwarsa ta raɗa masa Walta. Kanal ne na sojan sama a ƙasarsu. Lokacin yaƙin Jamus ya yi ta bi da jirage ta Kano, a can ya tsinci Hausarsa, wata irin Hausa mai kama da tafiyar raƙumi da dabaibayi, amma ana ganewa. Bayan an ba mu mulkin kai ya ajiye kaki ya zo nan yana feshin fara da wani ɗan jirgi ruwan ɗorawa. Dogo ne, kansa fari fat, wuyansa da hannunsa na hagu duk tabon ƙuna ne.

Kullum sai ya zo sayen cuku wurin Hajjo. Daga baya muka gane ko son cukun ba ya yi, masu gadin filin jirgi yake ba. Hajjo kuwa bazawara ce da ta haura arba'in, ba mai wasa da maza ba ce. Ta ce masa in da gaske yake ya je wurin liman. Ya je. Ya musulunta, aka sa masa Ilyasu.

Kafin a ɗaura, liman ya tambaye shi ko yana da iyali. Bai ɓoye ba. Ya ce ya yi auren fari ana jibi zai tafi yaƙi, kafin ya komo matar ta bi wani. Ta biyu sunanta Doroti, ita ta yi jinyarsa a likita, wato asibiti, lokacin da aka harbo jirginsa ya ƙone. Har yanzu da igiya tsakaninsu, amma sun yi shekaru ba su kwana gari ɗaya ba. Liman ya ce, “To mene ne a ciki? Ai kana da sauran gurbi.” Aka ɗaura. Tun daga ranar Hajjo ta san ita amarya ce, tana da uwargida a Amirka. Duk salla in ya yi mata ɗinki sai ta tambaye shi ko ya aika wa yayarta da nata, shi kuma ya yi ta sosa ƙeya.

Labarin yaƙi ba ya yinsa. Sau ɗaya ya taɓa buɗe baki, shi ma ga maigidana ne, wanda shi ke haƙan kabari a unguwarmu. Sun komo daga jana'izar wani, sai Ilyasu ya ce akwai wani gari a Italiya da ya zuba wa bam daga sama. Da yaƙi ya lafa ya shiga garin da ƙafa, ya tarar har maƙabartarsu wutarsa ta tone, matattun mutane a waje. Ya ce tun daga nan barci ya ƙaurace masa. “Naku ya fi,” in ji shi. “Ba suna, ba dutse. Ba wanda zai tashe ka.”

Ana gab da damina a shekararsa ta ƙarshe ya tafi Damagaram ya komo wani iri. Ya daina raha, tuwo sai ya tsakura ya ture. Hajjo ta tambaya har ta gaji. Bayan an yanke hatsi, wata ranar Laraba da hantsi ya faɗi gindin jirginsa. Aka ɗauko shi gida, kafin azahar ya cika, kansa bisa cinyar Hajjo. Ina wurin. Ta yi ta laƙƙana masa kalmar shahada, yana karɓa, amma tsakanin kowace sai ya ce, “Tomi.” Ba wanda ya san ko mene ne Tomi. Muka ce ƙila wani abokin yaƙi ne.

Aka yi masa sutura kamar kowa, kafin magariba maza sun komo. Kwamanda, babban gwamnati mai mulkin yankinmu, yana rangadi wajen Belbeji. Da ya dawo ya ji an rufe Ba'amirke ba a gaya masa ba, ya yi faɗa kamar zai ci mutane. Mu dai ba mu ga abin faɗa ba. Musulmi ya mutu, an rufe shi, sai me?

To, kamyo ya tsaya ƙofar gida. Wani sojan Nasara mai tsayi ya diro, da Jibo tafinta na ofishin kwamanda, sai wata mata fara, siririya, da hula da jan baki. Sojan da Jibo suka ce za su je ofis da takardu su komo. Jibo yana tafiya ya waiwayo ya ce mini, “Balki, matar marigayi ce daga Amirka, ta ce a fara kawo ta gidan da ya zauna. Ku ba ta ruwa.”

Na ruga ɗaka. “Yaya, uwargida ta zo.”

Hajjo ta miƙe. Hawaye suka zubo mata, ta ce, “Allah Sarki. Daga wannan uwa duniya ta taso don ta yi takaba a ɗakin mijinta. Ku shigo da ita.”

Kafin ka ce me, matan unguwa sun cika gidan. Muka tarye ta da gaisuwar mutuwa, tana ta gyaɗa kai ba ta jin ko ɗaya. Hajjo ta durƙusa har ƙasa ta gaishe ta, ta tashi daga tabarmarta ta ba ta, ta koma gefe. Muka cire mata takalmi da hula. Wata tsohuwa ta jiƙa tsumma ta goge mata jan bakin nan, don mai takaba ba ta kwalliya. Muka zare mata 'yan kunne, muka lulluɓa mata farin zane. Baiwar Allah ta zuba mana ido kawai, ta ɗauka haka muke karɓar baƙi. Daga baya muka ji, ita baƙuwar ta ɗauki Hajjo mai dafa wa marigayi abinci ce.

Ni na tuna da kayanta. Na fita na ce wa direba ya sauke. Shi ma ba abin da ya sani, daga Damagaram aka ɗauke shi haya. Ya miƙo jaka biyu, ya ce saura babba. Wata adaka ce ta ƙarfe, doguwa, ruwan toka, da marikai a gefe, tana ƙyalli. Ban taɓa ganin adaka mai kyau irinta ba. Muka taru muka ciccibe ta, ba ta da nauyin da muka zata. Muka bi da ita ta bayan danga muka kai ɗaya ɗakin, inda kayan marigayi suke.

Muka ce ai shi ke nan, wofi ta zo da ita don ta kwashi rabonta na gado. Na zauna a kanta ina cin goro, ni Balki, har da karkaɗa ƙafa. Wata ta taɓa wani ƙarfe, marfi ya ɗaga. Ciki an shimfiɗe shi da farin yadi mai santsi, har da ɗan matashin kai. Na ce, “Kai, Nasara. Tufafi ma sai an sa musu matashi.” Muka yi dariya ƙasa-ƙasa saboda gidan mutuwa ne.

Hajjo ta leƙo ta gani. Ta ce bai kamata a bari uwargida ta tambaya da bakinta ba. Ta ɗauko rigarsa ta soja, mai ƙarafa a ƙirji, ta shimfiɗa ta a ciki. Ta sa wandon a ƙasa, hular bisa matashi. Sannan ta je ta kamo hannun Doroti don ta nuna mata.

Matar nan na shiga ta ga adaka a buɗe da kayan mijinta kwance a ciki, sai ta yi wata ƙara ta zube. Muka yi kanta da ruwa da mafici. Muna cikin haka Jibo da sojan suka yi sallama. Jibo ya leƙo, ya dubi adaka, ya dube mu, ya dafe kai.

“Wa ya shigo da wannan ɗaki?”

Na ce, “Mu. Adakar uwargida ce.”

Ya ce, “Balki, wannan ba adaka ba ce. Akwatin gawa ne. A ciki suke rufe matattunsu. Sun zo tone Malam Ilyasu ne su tafi da shi.”

Goron da ke bakina na rasa yadda zan yi da shi. Cinyoyina da suka taɓa ƙarfen nan na ji kamar ba nawa ba. Hajjo ta ce, “Jibo, sake faɗi.” Ya sake. Ta nemi bango ta jingina.

Ita ma Doroti nata na jiranta. Da ta farfaɗo ta tambayi wace ce wannan mata da ta taɓa kayan mijinta. Magana sai ta bi ta bakin mutum biyu: ita ta gaya wa sojan, sojan ya gaya wa Jibo da Faransanci, Jibo ya juya mana. Jibo ya ce matarsa ce, an ɗaura a masallaci. Na ga fuskarta ta koma kamar toka. Ta dubi farin zanen da ke jikinta, sai a lokacin ta gane abin da muka mai da ita. Ta ce a ƙasarsu wanda ya yi haka kurkuku ake kai shi. Na ce wa Jibo, “Gaya mata a ƙasarmu wanda ya tone kabari kura muke ce masa.” Bai juya ba, munafuki.

Labari ya game gari kafin la'asar. Takarda suna da ita, da hannun manya daga Yamai, kwamanda ma ya sa nasa. Abu ɗaya ne ba su da shi: ba su san wane kabari ba ne. Maƙabartarmu tudun rairayi ne da ƙaya, ba suna ko ɗaya. Maza suka taru ƙofar liman suka ƙulla baki, duk wanda aka tambaya ya ce ya manta. Jandarma, 'yan sandan kwamanda, suka kira maigidana, suka tsare shi a rana, suka ce shi ya haƙa, ƙarya yake yi. Ya ce shi kaburbura da yawa ya haƙa. Da suka sake shi ya biyo ta gidan ya tsaya bakin danga ya ce wa yayarsa, “Ko za su yanka ni ba na nunawa, sai in ke kika ce.” Ranar na ji daɗin mijin da na aura.

Sojan ya zaci Hajjo ta sani. Jibo ya gaya masa mata ba su zuwa maƙabarta, ko ita ba ta san inda mijinta yake kwance ba. Doroti ta sa aka maimaita mata wannan. Ta daɗe tana kallon Hajjo.

Washegari da hantsi ta komo ita da Jibo da sojan, ba hula, ba jan baki. Ta zauna bisa tabarmar jiya ba wanda ya ce ta zauna. Ni na riga na shirya mata. Na sa Jibo ya gaya mata abin da Ilyasu ya faɗa a kan garin Italiya, da yadda ya ce a nan ba mai tashinsa. Ta ce ta sani. Ta ce shekaru ta yi tana kwana kusa da mugun mafarkinsa na garin nan, shi ya kore shi daga gida, ya bi duniya yana neman inda zai yi barci.

Na ce, “To tunda kin sani, me kika zo yi?”

Ta buɗe jakarta ta fiddo hoto ta miƙa wa Hajjo. Wani saurayi ne da kayan soja, gefen jirgi, dogo, da kunnuwan Ilyasu sak. Ta ce ɗansu ne, shi ke nan gare su. Ya bi sawun ubansa ya zama matuƙi, aka kai shi wani yaƙi da ake yi can gabas, wata ƙasa Biyatnam, aka harbo shi farkon bazara. An aiko wa uban da waya Damagaram, bai amsa ba, bai je ba. An rufe yaron a maƙabartar sojoji, aka bar wa uban wuri a gefensa. Ta ce ita ba don kanta ta zo ba, ta daɗe da haƙura da mutumin. Yaron ne tun yana ƙarami yake tsayawa bakin ƙofa yana jiran uban da ba ya zuwa.

Hajjo ba ta ɗaga kai daga hoton ba. Ta ce, “Bai taɓa ce mini yana da ɗa ba. Yaya sunansa?”

Wannan bai bi ta bakin kowa ba, Doroti ta gane tambayar da kanta. Ta ce, “Tomi.”

Na dubi Hajjo, na san abin da ke zuwa, na yi sauri na tare. “Yaya, kada ki soma. Musulmi ne. Da bakinsa ya ce kada a tashe shi.”

Ta ce, “Ga mijinki Mato ya faɗi wannan, yana da lafiyarsa. Ni abin da ya faɗa bisa cinyata na ji.”

“Za su kai shi cikin waɗanda ba su salla.”

“Allah ya san inda bawansa yake.” Ta share fuska da gefen mayafi. “Balki, ɗana na fari a hanyar Tenhya ya mutu, a goye. Maza suka karɓe shi suka shiga daji da shi suka komo hannu wofi. Har yau in na bi hanyar ban san wane gefe zan duba ba. Ita ta san inda nata yake. Kira mini Mato.”

Na ƙi tashi. Ta aiki wata.

Liman ya zo da kansa ya yi mata magana daga bayan danga, da taushi, sannan da zafi. Ba ta sake ba. Ya ce shi ba ya cikin wannan, ya kaɗa rigarsa ya tafi, kuma ba namijin unguwa ko ɗaya da ya bi su. Mai takaba ba ta fita, sai Hajjo ta ce ni in je a madadinta in gano mata. Na ce ba a taɓa yi ba. Ta ce tone kabari ma ba a taɓa yi ba. Haka na shiga maƙabarta da raina, da ƙafafuna, ina tafe ina jin kamar ƙasa za ta kama ni.

Maigida ya hana fursunonin da jandarma suka kawo don haƙa su taɓa kabarin. Ya ce shi ya rufe, shi zai buɗe. Yana haƙa yana kuka, ban taɓa ganin hawayensa ba sai ranar. Ya kai ga itatuwan da aka jera, ya ɗauke su ɗaya bayan ɗaya. Abin da ke ƙasa ba zan faɗa ba. Likkafani dai yana nan, rairayin Damargu ya riƙe amana. Doroti ta leƙa ta ga yadda aka kwantar da shi bisa gefen dama, fuska gabas, a ɗan wuri matsattse, ba akwati ba komi. Ta tambaya wa ya yi masa wanka, wa ya ɗinka farin. Aka gaya mata. Ta je ta kama hannun maigidana da ƙasa da komi ta riƙe, shi kuma ya rasa inda zai sa kansa.

Aka sa shi cikin adakar nan, bisa matashin da na yi wa dariya. Sojan ya shimfiɗa tutar ƙasarsu a kai ya ƙame. Kamyo ya kama hanyar Damagaram. Doroti ba ta koma gidan ba, amma farin zanen da muka lulluɓa mata ba ta maido ba, na gan shi a ninke a hannunta.

Muka komo, ni da maigida. Ya tsaya bakin ɗaki ya ce, “Yaya, an gama. Bari in sha ruwa in koma in cike ramin, ba a barin kabari baki buɗe.”

Hajjo ta ce, “A wane gefe yake?”

Na ce, “Gabas da babbar aduwa, kusa da danga.”

“Da inuwa?”

“Da yamma tana kaiwa.”

Can ta ce, “Mato, kada ka cike. Mai da itatuwan, ka yaɓe da laka, ka ja ƙaya a kai. Ka bar mini shi.”

Maigida ya dube ni, na dube shi.

Ta ƙarasa takabarta cif, wata huɗu da kwana goma, ta mijin da ko ƙasar ba ya ciki. Mutane da yawa sun daina sayen cukunta, wasu har suka mutu ba su gaishe ta ba. Ni kaina na yi wata ban yi mata magana mai daɗi ba, kuma ko yanzu in ka tambaye ni ban ce ta yi daidai ba. Ba ta sake aure ba. Hoton yaron, da Doroti ta bari bisa tabarma, ta soke shi a jikin bango, in yara suka tambaya sai ta ce ɗan uwargidanta ne.

Shekarar babban fari ta rasu. Maigida bai sha wahalar haƙa ba, ya janye ƙaya ya ɗauke itatuwa kawai. Ban bi su ba, mata ba su zuwa. Amma na san inda take, gabas da aduwa, kusa da danga.